Tocila a Kan Allo

Ƙarfe sha ɗaya a Garwa, rana ta take tsaka,
kwanon rumfata na ƙara kamar ana suyar gyaɗa.
Baba Hamajoda na kan benci, hula a gwiwa,
yana faɗa da Hausa, ina juyawa Faransanci:
shekara talatin da ɗaya a bakin ma'aunin auduga,
wata tara ke nan bai ga kuɗin fansho ba.

Muna tsakiyar gaida mai girma darakta
allon ya yi ƙifta ɗaya, ya rufe ido.
Baƙi ƙirin.
Fuskata kawai nake gani a ciki,
da farin gemun tsoho bisa kafaɗata.

Ba wuta aka ɗauke ba.
Injin na ƙarƙashin tebur yana nishinsa,
rediyon Dudu mai kunun gyaɗa bai yi shiru ba,
'yar fitilar gindin allo kore shar,
tana kallona kamar ba ta san zancen ba.

Na zare wayar nan mai shuɗin kai,
na hure ta, na duba haƙoranta ɗai-ɗai,
babu wanda ya kwanta.
Na mayar, na murɗe kunnuwanta biyu.
Na kashe, na kunna:
hoto ya leƙo kamar baƙo mai kunya,
kafin in ce maraba ya koma.
Na canza soket. Na ari wayar maƙwabci.
Da haushi ya ci ni na ɗaga hannu zan mare shi,
Baba ya ce, "A'a, ɗana,
tsoho ba a dukansa, tambayarsa ake yi."

Gwanjon ofishin kwastan na saye shi,
shekara sha huɗu yana ci da ni.

Yaro ya kira Bobbo Dairu daga bayan kasuwa.
Ya zo yana warin dalma, sukundireba a kunne,
bai kwance ko ƙusa ɗaya ba.
Ya ce a saki labule, a ba shi tocila.
Ya manna ta jikin gilashi, a karkace.
"Matso."

Ga su nan.
Haruffa dishi-dishi,
kamar sawun tururuwa a kan toka.

"Rubutunka bai je ko'ina ba,
fitilar baya ce ta gaji.
Akwai 'yan gwangwanaye biyu a ciki,
na rantse sun kumbura, zafin garin nan ne.
Kaya sai Laraba, in motar Marwa ta iso.
Jaka uku, ban da na shayi."

Laraba!
Ofis na rufewa ƙarfe uku,
Baba daga Pitowa ya taso tun asuba,
kuɗin mota na yau kaɗai ya ƙulla a gefen riga.

Shi ya miƙe da kansa ya karɓi tocilar.
Hannunsa na rawa, hasken na rawa,
ni ina bin da'irar nan mai faɗin murfin kwalba
layi bayan layi, gumi na ɗiga kan maɓallai.
In na yi gaba ya biyo ni,
in ya gaji na jira shi.
Bai san harafin Nasara ko ɗaya ba,
amma da haske ya faɗa kan uku da ɗaya
ya ce, "Tsaya. Wannan nawa ne."
Mutumin da ya ƙare ƙuruciya kan sikeli
lamba ba ta ɓace masa.

Firinta ta yi tari, ta tofo takarda.
Ya dangwala yatsa, ya hure tawada,
ya miƙo mini tocila ta yi ɗumi.
"Ni ma can wurinsu haka nake," in ji shi,
"komai na nan a rubuce."

Ya tare mai babur, ya tafi.
Na juya allon ya fuskanci bango,
na rufa masa tsohon zane saboda ƙura,
na ce Dudu ta zubo mini kunu
bashi, zuwa Laraba.